Tuwon ƙasa da dokin kara: tambayoyi da amsoshi kan wasan yara da buɗewar ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san wannan yanayi. Yarinya ta tsuguna a gindin bango, ta kafa murhu da duwatsu uku, ta ɗora gwangwanin tumatir, tana juya ƙasa da tsinke tana yi wa ƙanwarta faɗa wai ta bar wuta ta mutu. A ƙofar gida kuma wansu ya haye kara yana ta sukuwa. Mu manya mukan wuce mu ce shiririta ce. A ganina ba shiririta ba ce, tunani ne yake fitowa fili har ana iya kallonsa da ido. Ga tambayoyin da iyaye da malaman ajin reno suka fi yi a kan wannan wasa.

Wane irin wasa ake magana a kai?

Wasan da yaro yake ɗaukar wani abu a madadin wani, ko ya ɗauki kansa a matsayin wani mutum. Ƙasa ta zama tuwo, ganyen darbejiya ya zama kuɗi, murfin kwano ya zama sitiyari, 'yar shekara huɗu ta zama uwargida mai 'ya'ya uku. In kana son gane shi, kasa kunne ka ji kalmar “wai”. “Wai ni ce mama, wai ke ce baƙuwa, wai kin zo daga Zariya.” Da zarar an faɗi wannan kalma, duk yaran da ke wurin sun san an shiga wata duniya, kuma sun san hanyar fitowa.

Masanin halayyar yara Alan Leslie, a wani rubutu da ya yi a 1987, ya kasa wasan gida uku: musanya abu da wani abu, kamar kara a madadin doki, ba wa abu siffar da ba shi da ita, kamar a ce tuwon ƙasa yana da zafi a hura shi, da kuma ƙirƙiro abin da babu shi sam, kamar a miƙa maka hannu wayam a ce ga canjinka. Wannan ya bambanta da langa ko carafke ko dara, waɗanda dokokinsu a shimfiɗe suke tun kafin a fara.

A wane shekaru yake farawa?

Yakan fara leƙowa tsakanin wata 12 zuwa 18, kuma yaro da kansa yake farawa: ya kai kofi wayam baki, ko ya kwanta ya runtse ido yana dariya. Jean Piaget, ɗan ƙasar Suwizalan da ya rayu daga 1896 zuwa 1980, ya daɗe yana rubuta abin da 'ya'yansa uku ke yi tun suna jarirai. Ya ba da labarin ranar da 'yarsa ta fari, tana da wata 15, ta ga wani ƙyalle mai geza irin ta matashinta, sai ta damƙe shi, ta kishingiɗa, ta sa yatsa a baki tana ƙifta ido tana dariya. Dariyar ita ce shaida: ta san ba barci take ba.

Kusa da shekara 2 wasan yakan juya ga wasu, a ba 'yar tsana abinci, a goya takalmi. Paul Harris da Robert Kavanaugh sun nuna a 1993 cewa in aka yi kamar an zuba wa wani abin wasa shayi a ka daga buta wayam, ɗan shekara 2 da 'yan watanni zai gane ya jiƙe, har ya ɗauko ƙyalle ya goge shi. Ka lura da abin da ya faru a nan. Babu shayi, amma yaron ya bi sakamakon zubar shayin.

Daga shekara 3 zuwa 5 ne wasan yake kai ƙololuwa, a raba matsayi, a shirya biki, a yi rigima kan wa zai zama direba. Daga 6 zuwa 7 wasanni masu doka sukan fara rinjaye. Waɗannan lokuta kirdado ne, wani yaro ya riga, wani ya biyo baya da 'yan watanni.

Me ya haɗa hawan kara da buɗewar ƙwaƙwalwa?

Jariri yana zuwa duniya da ƙwaƙwalwar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na girman ta babba ba, kafin shekara 5 zuwa 6 ta kai kusan kashi 90 cikin 100. A wannan tsakanin ne yake koyon abu mafi nauyi da ɗan Adam yake yi da hankalinsa, wato ya riƙe abu a zuci alhali abin ba ya gabansa.

Lev Vygotsky, masanin Rasha da tarin fuka ya kashe a 1934 yana da shekara 37, ya yi lacca kan wasa a 1933, kuma misalin da ya ɗauka shi ne sandan da yaro ke hawa a matsayin doki. Dokin karanmu ne sak. Bayaninsa shi ne, ƙaramin yaro bawan idonsa ne: ya ga ƙofa ya buɗe, ya ga matakala ya hau. Amma ranar da ya kalli kara ya kira shi doki, ma'ana ta rabu da abin da ido ke gani. Idonsa na cewa kara, zuciyarsa na cewa doki, kuma yana riƙe da duka biyun ba tare da ya ruɗe ba.

Wannan ƙwarewa ce dai za a nema a wurinsa ranar da aka ɗora masa allo a cinya. Zanen tawada mai ɗigo a ƙasa ba sauti ba ne, amma an ce masa “ba” ne. Lambar 5 ba ta yi kama da goro biyar ba. Ita kanta kalmar “ruwa” ba ta jiƙa hannu. Magana da rubutu da lissafi duka alamu ne da ke tsayawa a madadin wani abu, shi ya sa masu bincike suka sha lura cewa yaro yakan fara haɗa kalmomi biyu a daidai lokacin da ya fara haɗa ayyuka biyu a wasa, misali ya zuba abinci sannan ya ba 'yar tsana.

Akwai wani gwaji da yake burge ni. A 1988 Maria Dias da Paul Harris sun ce wa ƙananan yara duk kyanwoyi haushi suke yi, ga wata kyanwa, shin tana haushi? In aka faɗa musu kai tsaye, da yawa sukan ce a'a, kyanwa kuka take yi. In aka shigar da zancen cikin salon labari da wasa, sai su bi dalilin su amsa daidai. Wanda ya taɓa zama gaban kaka da dare ya san wannan ƙofa. Da an ce “ga ta nan, ga ta nanku”, yara sun yarda Gizo yana magana yana da mata Ƙoƙi, kuma daga nan za su iya hasashen irin dabarar da zai ƙulla.

An ce yana koya wa yaro kamun kai. Ta yaya, alhali wasa sakewa ce?

Mai kallo daga nesa ne yake ganin sakewa. Matsa kusa ka ji dokokin. Wadda ta zama jaririya ba ta da ikon tashi ta yi tafiya. Wanda ya zama fasinja ba zai taɓa sitiyari ba. In wani ya karya doka, nan take za ka ji “ai ba haka ake yi ba”. Yaron da ba ya iya zama minti ɗaya in ka ce ya zauna, zai zauna shiru don an ce shi ne mara lafiya ana masa allura.

A 1948 wata mai bincike a Tarayyar Sobiyet mai suna Manuilenko ta gwada wannan. Ta sa yara su tsaya cik ba motsi, sau ɗaya a matsayin umarni kawai, sau ɗaya kuma a matsayin masu gadi cikin wasa. 'Yan shekara 4 zuwa 5 sun fi daɗewa nesa ba kusa ba a matsayin masu gadi. A 2017 Rachel White da Stephanie Carlson da abokan aikinsu a Amurka sun ba 'yan shekara 4 da 6 wani aiki mai gundura, sai waɗanda aka ce su ɗauki kansu a matsayin wani jarumi da suke so suka fi jurewa. Iyaye mata da yawa sun riga sun san wannan dabara: “Wa zai zama soja ya shanye maganinsa?”

Yana taimaka wa yaro ya gane abin da ke ran wani?

Akwai alaƙa. Ga gwajin da za ki iya yi a gida. Yayar yaro ta ajiye alewa a cikin kwano ta fita. A gaban yaron ki ɗauke alewar ki sa a ƙarƙashin tabarma, sannan ki tambaye shi: in yayarka ta dawo, ina za ta fara dubawa? Ɗan shekara 3 yawanci zai nuna tabarma, domin a wurinsa abin da ya sani kowa ya sani. Daga shekara 4 zuwa 5 zai ce kwano, har ya yi murmushi. Heinz Wimmer da Josef Perner ne suka fito da irin wannan gwaji a 1983. A 1991 Jeremy Avis da Paul Harris suka kai shi wurin yaran Baka, mafarautan dajin kudu maso gabashin Kamaru, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, aka samu kusan wannan tsari na shekaru. Ashe abin ba na 'ya'yan Turawa kaɗai ba ne.

Yaran da suka fi yin wasan raba matsayi da 'yan'uwansu sukan riga tsaransu cin wannan gwaji. Ba mamaki, tunda mai yin dillaliya dole ta yi tunanin abin da mai saye ke so.

To ke nan yawan wasan zai sa ɗana ya fi kaifin basira?

A nan ya kamata a yi gaskiya. A 2013 Angeline Lillard ta Jami'ar Bajiniya da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi shekara da shekaru, suka ce hujjar cewa wannan wasa shi kaɗai ne ke haifar da basira ba ta yi ƙarfin da ake yayatawa ba. Yana iya zama hanya ɗaya cikin hanyoyi da yawa. Yana iya zama kuma cewa gidan da ake yawan hira da yaro shi ne yake samar da wasan da basirar gaba ɗaya. Don haka in mai sayar da kayan wasa ya ce miki kayansa za su mai da ɗanki haziƙi, ciniki yake nema.

Abin da ya tsaya da ƙafafunsa shi ne amfanin wasa da hira tsakanin yaro da mai renonsa. A birnin Kinston na Jamaika, daga 1986, Sally Grantham-McGregor ta jagoranci wani aiki da yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na unguwa suna ziyartarsu sau ɗaya a mako har shekara 2, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan da aka haɗa a gida. Bayan kimanin shekara 20 aka nemo su, kuma sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. 'Ya'yan talakawa ne, kuma ba a kashe wani kuɗin a zo a gani kan kayan wasan ba.

Ba ƙarya yake koya ba?

A'a. Maƙaryaci yana so ka yarda da abin da ba haka ba. Mai wasa yana so ka sani tare da shi, shi ya sa yake cewa “wai”. In ka kai tuwon ƙasa baki da gaske, mai girkin ce za ta fara riƙe maka hannu. Abin da ya kamata a koya masa shi ne inda “wai” take tsayawa: in an tambayi wa ya fasa tulu, ba lokacinta ba ne.

'Yata tana hira da wata ƙawa da ba ma gani. Aljanu ne?

Na san irin faɗuwar gaban da wannan ke jawowa, musamman in kaka ta ji. Amma abu ne da ya zama ruwan dare ga yara. Marjorie Taylor ta Jami'ar Oregon da abokan aikinta sun ruwaito a 2004 cewa kashi 65 cikin 100 na yaran da suka bibiya sun taɓa yin irin wannan aboki kafin su wuce shekara 7. Ta kuma lura yara da yawa, in suka ga mai tambaya ya ɗauki zancen da zafi, sukan tsaya su tuna masa cewa wasa ne fa.

Dubi yarinyar, kada ki tsaya kan ƙawar. In ita ke juya wasan, tana cikin walwala, tana cin abinci, tana barci, tana wasa da sauran yara, babu abin damuwa. Ki ci gaba da yi mata addu'o'in da kika saba, kada ki tsorata ta. In kuwa muryar tsoro take ba ta, ko tana umartar ta ta cutar da kanta, ko tana yin zuru ta ɗauke na ɗan lokaci ba ta jin kira, ko abin ya zo tare da zazzaɓi, to a kai ta asibiti. Wani nau'in farfaɗiya da zazzaɓi mai tsanani suna iya zuwa da irin waɗannan alamu.

Mene ne matsayin 'yar tsana a addini?

Buhari da Muslim sun ruwaito Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana cewa takan yi wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tare da ƙawayenta, in ya shigo sai su ɓuya, shi kuma ya turo mata su. A ruwayar Abu Dawud ya ga doki mai fukafukai biyu a cikin kayan wasanta, ya tambaya, ta ce ai Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai, ya yi dariya. Haka kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ce sukan yi wa yara abin wasa da ulu ranar azumin Ashura don ɗauke musu hankali daga yunwa. Malamai sun yi saɓani kan 'yan tsanan roba na zamani masu cikakkiyar sura, wannan a tambayi malamin da aka amince da shi. Ta kara da tsumma irin ta iyayenmu ita ce ta fi kusa da abin da ya zo a ruwaya.

Ɗana namiji yana son tuwon ƙasa da goyo. In hana shi?

Ɗan shekara 2 ko 3 wanda ya wuni a gindin uwarsa abin da ya gani zai kwaikwaya. Kada a yi masa dariya, kada a laƙaba masa suna. Zai girma ya ɗauki ƙaninsa, wata rana ya ɗauki ɗansa, ba laifi in hannunsa ya saba da tausasawa.

Yaranmu sun koma wasan bindiga da 'yan fashin daji. Wannan fa?

Wasan yaƙi tsoho ne, da baka da kibiya na kara aka yi shi kafin bindigar katako. In akwai dariya, ana musayar matsayi, labarin yana sauyawa, wanda aka harbe ya tashi a ci gaba, to wasa ne. A sa masa iyaka kawai: ba duka, ba nuna wa wanda ba ya cikin wasan.

Akwai wani iri dabam da ya kamata a sani, musamman a garuruwan da suka ga tashin hankali da sansanonin 'yan gudun hijira. A 1976 an sace yara 26 da direbansu daga motar makaranta a garin Chowchilla na jihar Kalifoniya, aka binne su cikin wata babbar mota a ƙarƙashin ƙasa kusan awa 16 kafin su kuɓuta. Likitar ƙwaƙwalwa Lenore Terr ta bibiye su shekaru, ta ga wasunsu suna maimaita wasa guda, ba sauyi, ba daɗi, ba sauƙin zuciya bayan an gama. In kika ga irin wannan, tare da firgita cikin barci ko komawa fitsarin kwance, hana wasan ba zai warkar da komai ba. Ki zauna kusa, ki saurara, ki tabbatar masa yanzu yana cikin aminci, sannan a nemi ma'aikacin lafiya.

Haka nan wasan amarya da ango. Kai lefe da guɗa da rakiyar amarya kwaikwayon biki ne. Amma in ƙaramin yaro ya nuna abin da bai kamata shekarunsa su sani ba na tsakanin miji da mata, kada a fara da bulala. A tambaye shi cikin natsuwa inda ya gani ko wa ya nuna masa. Duka yakan rufe bakin yaron da ake cutarwa.

Sai na sayi kayan wasa masu tsada?

Ko kusa. Motar batir mota ce kawai har ta lalace. Kwali kuwa yau mota ne, gobe shago, jibi gadon asibiti. Gwargwadon ƙarancin abin da kayan wasa ke yi da kansa, gwargwadon aikin da ya bar wa ƙwaƙwalwar yaro. Anna Sosa ta ruwaito a 2016 cewa iyaye sun fi ƙarancin magana da jariransu in ana wasa da kaya masu fitila da kiɗa, in aka kwatanta da littafi ko kayan wasa marasa batir. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Toledo sun ba yara 36 kayan wasa 4 a wani zama, 16 a wani, sai aka ga sun fi daɗewa da fito da sababbin dabaru lokacin da kayan suka zama 4.

Ki tara tsofaffin ludaya, ƙoƙo, murafun robobi manya, tsumma, faifai, kara. Yaron da ya fere kara ya haɗa mota da tayoyinta ya yi awo, ya yi gwaji, ya gyara kuskure, kafin ma ya fara tuƙi.

Waya fa? Ai yana koyon Turanci a ciki.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ya fi. Ta kuma ce daga shekara 1 yaro yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini. Babbar ɓarnar waya ita ce lokacin da take cinyewa, kuma ta riga ta zana komai, ba ta bar wa yaro abin da zai ƙago ba. Maimaita waƙar Turanci daban, iya magana daban. Harshe a bakin mai amsa maka ake koyonsa. In an kalli wani abu, a kalla tare, a kashe, a ce to zo mu yi namu.

Dole ne ni uwa in zauna in yi wasan da shi? Aiki ya yi mini yawa.

Ba dole ba ne. Suzanne Gaskins ta yi nazarin ƙauyukan Maya a Meziko, David Lancy ya yi na Kpelle a Laberiya, duka sun ga manya ba sa zama wasa da yara, yayye da tsara ne abokan wasa, kuma yaran suna tashi lafiya. Haka muka tashi mu ma. Abin da ya sauya shi ne gida. Yaron da ke cikin gidan yawa yana da malamai goma. Wanda ke cikin fulat a kulle da get, daga shi sai mai aiki da talabijin, ba shi da kowa, kuma shi ne yake buƙatar a nemo masa abokai ko a ba shi lokaci.

Ba sai kin bar aikinki ba. Kina tankaɗe ya kawo miki tuwon ƙasa, ki karɓa ki ce “Kai, wannan miya ta ji daddawa, nawa ne malmala?” Kin ba shi sabuwar kalma, kin buɗe masa ciniki. Ki bar shi ya ja ragamar, kada ki mai da wasan jarrabawa da “wannan wane launi ne”. Uba ma haka: in an tare ka a zaure an ce kuɗin mota, biya da ganye ka nemi canji.

Makarantar renon da na sa 'yata tana ba ta aikin gida tana shekara 3. Daidai ne?

Friedrich Froebel, wanda ya raɗa wa irin wannan makaranta suna a Jamus a 1840, lambun yara ya kira ta, kuma wasa da waƙa ne ginshiƙinta. Manufar ilimi ta ƙasa a Najeriya ma ta ce wasa ne zai zama babbar hanyar koyarwa a wannan mataki. Sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya sa wasa cikin haƙƙoƙin yaro. Duk da haka za ka ga 'yar shekara 3 da jaka ta rinjaye ta, an ce ta rubuta 1 zuwa 100, yatsunta ma ba su gama ƙwari ba. Laifin ba na makarantu kaɗai ba ne, mu iyaye ne muke auna kuɗinmu da yawan rubutun da ke cikin littafi. In za ki zaɓi makaranta, leƙa ajin da tsakar rana. Akwai filin gudu? Akwai kusurwar da aka ajiye kayan shago ko na girki? Malama tana durƙusawa ta saurari yara?

Aike da ɗan aikin gida suna hana wasa?

In da sauƙi ne, suna ciyar da shi. Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a Roma a 1907, ta lura yara sukan ajiye kayan wasa in an ba su aiki na gaske daidai hannunsu. Hausawa sun ce wasa farin girki, kuma haka abin yake tafiya: daga gwangwani zuwa 'yar tukunya, daga ƙasa zuwa ɗan garin da uwa ta ɗiba mata. Tashe ma haka ne, daga goma ga azumi yara suke shirya kaya, su raba matsayi, su haddace waƙa, su kasafta abin da suka samu. Inda matsala take shi ne a ɗora wa 'yar shekara 5 tallan da zai cinye yininta ko renon da ya fi ƙarfinta.

Ɗana ya kai shekara 2 da rabi, ban taɓa ganin ya yi irin wannan wasa ba.

Wannan ya cancanci a duba. A jerin alamomin girma na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, yawancin yara suna yin wasan musanya abu kafin wata 30. Ki haɗa da sauran alamu: yana nuna miki abu da yatsa don ki gani? Yana juyowa in an kira sunansa? Yana haɗa ido? Yana haɗa kalmomi biyu? Ko jera kaya kawai yake yi, ko juya tayar mota ba ƙaƙƙautawa? Ya taɓa iya wata kalma sannan ta ɓace?

A fara da gwajin ji, domin sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da ruwa suna iya taɓa ji ba a ankara ba. A duba tamowa da ƙarancin jini, yaron da jikinsa ba ƙarfi ba ya wasa. Rashin wannan wasa yana kuma cikin abubuwan da likitoci ke tambaya in suna binciken larurar otizim, wato larurar da ke taɓa yadda yaro yake magana da hulɗa da mutane, tsakanin wata 16 zuwa 30. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma baki ko maita ba. Kada a tsaya kan “babansa ma bai yi magana da wuri ba”. A je wurin likitan yara tun ana shakka, don taimakon da aka fara da wuri ya fi tasiri.

Wasa da ƙasa ba ya kawo cuta?

Ya danganta da ƙasar. Yashi mai tsabta ba matsala, in dai za a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a yanke farce, a kuma ba da maganin tsutsar ciki yadda ma'aikatan lafiya suka tsara. A raba wurin wasa da inda kaji da awaki ke kashi.

Inda ake haƙar ma'adinai zancen ya sauya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta gauraye da ƙasar da yara ke wasa a kai suna kai hannu baki. An sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro ko da ba ta kashe shi ba, kuma ba a ganinta da ido. Kada a shigo da dutsen ma'adinai ko kayan aikin haƙa cikin gida, kada a bar yara kusa da inda ake fasa tsofaffin baturan mota. Gwangwanin da za a ba su a duba bakinsa, kwalaben magani da na fiya-fiya kada su shiga kayan girki ko an wanke su, duk abin da zai iya shigewa maƙogwaro a nisanta shi daga wanda bai kai shekara 3 ba, a rufe rijiya, a kife bokitin da ke da ruwa.